Ruwan Farko na Gonar Malam Ne

Da saukar daminar bana mahaifina, Baba Nomau, ya cika shekara goma sha biyar da rasuwa. Ni ba da kalanda nake wannan lissafi ba. Duk shekarar da na ji ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, ko da ina tsakiyar aji a Kano ina fama da ɗalibai, sai gabana ya faɗi kamar wadda ta makara. A gidanmu wannan ƙamshi umarni ne: a ɗauko sungumi da ƙoƙon iri, a nufi gonar Malam. Bana kuwa faɗuwar gaban ta fi ta kullum, domin na san in ba a shuka gonar nan a kan kari ba, ƙauyenmu zai wayi gari babu mai bishara, wato malamin da ke yi mana wa'azin Almasihu.

Bari in fara da ko su wane ne mu, don na saba da ganin mutane suna ɗaga gira in sun ji an ce Bahaushe Kirista. To, ga mu nan. Ƙauyenmu yana bayan Sabon Birni a ƙasar Gwarzo, kakanninmu Maguzawa ne, tuwonmu na dawa, miyarmu ta kuka, kuma in ana batun Hausa sai dai mu koya wa wani. Maƙwabtanmu Musulmi ne, rijiyarmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya, in an yi rasuwa a wani gida ba a tambayar addini kafin a je gaisuwa.

Kakana shi ne mai riƙe da tsafin gida a zamaninsa. Kafin a zuba iri a ƙasa sai ya yanka jan zakara, ya zuba giya, ya roƙi damina mai albarka. Baba shi ne babban ɗa, don haka shi zai gaji wuƙar yankan, ya gaji gandu, wato babbar gonar da dukan gida ke nomawa tare. Sai ga wani mai bishara, Malam Yohanna, ya shigo ƙauyen da tsohon keke da mata da jariri a goye. Baba ya saurare shi damina biyu. A bazara ta uku kakana ya miƙo masa wuƙa a gaban dangi, Baba ya durƙusa ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Na bi Almasihu, hannuna ba zai sake yin wannan yanka ba."

Kakana bai zage shi ba, bai kore shi daga gida ba. Abin da ya yi ya fi zagi ciwo. Ya cire shi daga gandu ya ba Sule, ƙanin Baba, shi Baba kuma ya nuna masa wani fako a gabas da gari, inda ko akuya ba ta ɓata lokacinta, ya ce ya je sabon Ubangijin nasa ya ciyar da shi a can. Innarmu, 'yar Masanawa ce ta ƙasar Kabo, a lokacin tana amarya, takan ce ita an kawo ta gidan mai gandu, ta buɗe ido ta gan ta a gidan mai tsakuwa. Shekara da shekaru Baba yana jigilar taki a mangala da jaki ɗaya, yana tsince duwatsu da hannu, har fakon nan ya yi laushi ya fara ba da gero. Abin dariyar shi ne, ba a daɗe ba Baffa Sule ya musulunta, daga baya ma ya je Makka ya dawo Alhaji. Baba yakan tsokane shi ya ce, "Alhaji, ni na ƙi wuƙa aka ƙwace min gona, kai ka karɓi gona sannan ka ƙi wuƙa. Wa ya fi wani wayo?" Su yi ta dariya har Baffa ya share hawaye da bakin rawani.

Da gonar ta farfaɗo, abu na farko da Baba ya yi shi ne ya yanka wa Malam Yohanna gayauna. Ga wanda ya tashi a birni, gayauna ita ce 'yar gonar da uba ke ware wa ɗansa, abin da aka noma a ciki nasa ne shi kaɗai. Baƙo ba ya samun gayauna, sai ɗan gida. Baba ya ce ai wanda ya bar garinsu da gonar ubansa ya zo ya zauna da mu ya zama ɗan gida. Kuma bai ba shi gefen tsakuwa ba. Ya ba shi ɓangaren kwari, inda laima ke daɗewa, inda shi kansa ya fi zuba wa taki. Ikilisiyarmu, wato taron masu bi, a lokacin gida nawa ce ma? Baikon da ake tarawa a sujadar ranar Lahadi ba ya sayen ko mudun gishiri. Ba don gayaunar nan ba, da Malam Yohanna bai ƙara damina uku a garin ba.

Ba da gonar bai dame mu ba. Dokar da ya ɗora a kai ita ce ta gasa mana gyaɗa a hannu. Ko'ina a ƙasar Hausa an san gandu ake fara shukawa, gayauna ta biyo baya. Baba ya juya abin. Ranar da aka yi ruwan shuka na farko, duk wani mai ƙafa a gidanmu sai ya je gonar Malam, a gama ta tsaf, sannan a taɓa tamu. Manomi ya san abin da wannan ke nufi. Laimar ruwan farko ba ta jiran kowa, wani lokaci yini ɗaya ne ƙasa ta sha iska. Inna ta sha yi masa magana, takan ce, "Maigida, da ruwan ciki fa ake jan na rijiya." Shi kuma amsarsa ɗaya ce. Ranar da ruwa ya sauka, in ji shi, Malam yana iya kasancewa a kan keke wajen Gammo, ya je binne wani ko ya je yi wa mara lafiya addu'a. Mutumin da ya bar gonarsa saboda ranka, kai ma ka bar taka yini ɗaya saboda cikinsa.

Mu yara haka muka tashi. Baba da yayana Iliya suna gaba suna sara da sungumi, mu muna biye muna zuba ƙwayar gero muna rufewa da diddige. Ni ƙiwuya gare ni, ban ɓoye ba, nakan zuba iri da yawa a rami ɗaya don ƙoƙona ya yi saurin ƙarewa. Baba bai taɓa duka na ba. Sai dai in gero ya tsiro ya kira ni ya nuna min layina ya ce, "Saratu, wannan gashin kan wa kika shuka?" Wasu gidajen masu bi suka ga abin ya yi kyau suka riƙa zuwa, har ya zama al'adar ƙauye. Mata suna waƙoƙin sujada suna shuka, kafin rana ta take an gama.

Amma akwai shekarar da abin ya ci mu, kuma ba zan rubuta tarihin Baba in tsallake ta ba. An yi ruwan farko ɗan kaɗan, maƙwabta suka ruga gonakinsu, mu muka yini a gonar Malam. Washegari muka fara tamu, kafin azahar ƙasa ta bushe. Daga nan sama ta ɗauke ƙafa makonni. Geron da aka shuka ranar farko ya jure, namu da muka sake shukawa a makare bai gama cika ba ruwa ya janye. Da kaka rumbunmu ko rabi bai yi ba. Malam Yohanna ya ɗoro dammunan geronsa a jaki ya kawo ƙofar gida ya ce a raba biyu. Baba ya ce atafau ba zai karɓi abin da ya bayar ba. Suna ta musu, wannan yana rantsuwa wancan yana roƙo, Inna ta fito da zani a ɗamare ta ce, "Ku ci gaba da musunku na manya, ni dai a sauke min su a nan." Ta ja jakin da kanta ta shige gida.

Duk da haka bai isa ba. Yaya Iliya yana makarantar kwana a lokacin, kuma wallahi ya fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Shi aka cire ya tafi cin rani don ya taimaka da abinci, da niyyar in an samu sauƙi ya koma. Bai sake komawa ba. Ni ƙarama aka bar ni na ci gaba, ga ni yau malama mai albashi, shi kuwa yana ƙauye yana noma. Duk lokacin da na ji ana wa'azi a kan ɗaukar gicciye, ana faɗar abin da daɗi kamar ana rabon alewa, Yaya Iliya nake tunawa. Bin Ubangiji yana da tsada, kuma ba kullum wanda ya yi alkawarin ne kaɗai ke biya ba.

Nakan tambayi kaina, da Baba zai leƙo yau, me zai ce? Na san zai yi murna ya ga ɗakin sujadarmu ya samu rufin kwano, ya ga jikokinsa suna karatu da Hausa da Turanci. Zai yi mamakin wa'azi a cikin waya, mutum yana kwance a gado yana sauraren fasto daga wata ƙasa. Amma in ya shiga wasu manyan majami'un birni ya ga motocin da aka jera a ƙofa, sannan ya koma ƙauyuka ya tarar da mai bishara yana acaba ranar kasuwar Gwarzo don ya sayi sabulu, na tabbata zai cire hula ya sosa kai. Baba ba mai surutu ba ne. Tambaya ɗaya zai yi: wa ke shuka wa waɗannan gona? Ni kaina ina aika ɗan abin da na samu ta waya, ban raina shi ba. Sai dai abin da aka aika ta waya ba ya gaisawa, ba ya ganin ko takalmin ɗan Malam ya tsinke.

Bayan rasuwar Baba, da aka share makoki aka zauna rabon gado, gayaunar nan ta kusa raba mu. Baba bai rubuta ta ga kowa ba, da baki ya bayar, kuma a lokacin Malam Yohanna ya daɗe da tsufa ya koma garinsu, wasu masu bishara sun zo sun wuce, kowanne yana cin gonar. Yaya Iliya ya ce gona ta Baba ce, tana cikin gado, kuma shi ne mai iyali da yawa. Na taso masa da faɗa, don ni bakina ba ya da linzami. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Saratu, ke kin yi karatu. Baba ya ɗauki gicciyensa, ban musa ba, amma a kafaɗata ya aza shi, kuma ba wanda ya tambaye ni." Gaskiya ce, kuma gaskiya ɗaci gare ta.

Baffa Alhaji Sule ne ya raba gardamar. Yana zaune a kan buzu yana jan carbi tun da aka fara, sai ya yi gyaran murya ya ce, "Iliya, gandun da nake ci yau na ubanka ne. An ƙwace masa aka ba ni, bai taɓa ɗaga min murya a kai ba har ya koma ga Allah. Gobe ka zo mu zaga, in yanka maka wanda ya fi gayaunar nan girma. Ita kuwa ka bar ta inda yayana ya ajiye ta." Haka aka yi. Yaya Iliya ya karɓi gonar, ya yi godiya, ya bar gayauna ga mai bishara. Sai dai daga ranar ya ce shi da shukar gonar Malam haihata haihata. Yana zuwa sujada, yana ba da baiko, amma in ruwan farko ya sauka gonarsa yake nufa, kuma ban ga laifinsa ba.

Wanda ya riƙe dokar Baba shekara goma sha huɗu shi ne Baffa. Duk ruwan farko sai ya turo 'ya'yansa da sungumi, in lokacin huɗa ya yi ya turo shanunsa. Wasu abokansa suka riƙa yi masa tsiya a majalisa, wai Alhaji guda yana noma wa fasto. Yakan ce, "Ni yayana nake yi wa zumunci. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Da 'ya'yan Baffa da 'yan tsofaffin ikilisiya, haka gonar ta riƙa samun ruwanta na farko.

A ranin da ya wuce Baffa ya rasu, Allah ya jiƙansa. 'Ya'yansa mutanen kirki ne, amma alkawarin na ubansu ne, kuma sun raba gado, an sayar da shanun, biyu sun koma kasuwanci a Kabo. Samarinmu kuwa duk sun tsere birni. Da na je gida bikin Ista, mai bisharar da muke da shi yanzu, Malam Ayuba, yaro mai haƙuri da 'ya'ya huɗu, wanda ke zaga ƙananan taruka har wajen Masanawa da Gammo a kan wani babur mai tari, ya same ni a gindin darbejiya. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya kai ga maganar. Ya ce, "Mama, ba na son in bar mutanen nan. Amma in gonar nan ba ta yi ba bana, dole in nemi a mayar da ni wani wuri. Yara ba sa cin wa'azi." Na je na faɗa wa Yaya Iliya. Yana gyaran ƙotar fartanya, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Ke da kike da albashi ai sai ki zo ki shuka." Na ce zan zo ko da rarrafe ne. Ya ce Allah ya kawo ki lafiya.

Ruwan ya sauka wata Talata da yamma. Matar Malam Ayuba ta kira ni ta ce an yi ruwan shuka, Malam kuma yana Gammo wajen jana'iza, hanya ta ɓaci sai gobe. Ka ji fa, daidai abin da Baba yake faɗa. Da safe na nemi izini a makaranta, na hau motar Gwarzo, daga can na hau acaba. Ina tafe ina lissafin tsofaffin da za su iya fitowa, ina tunanin gwiwata da ba ta son durƙuso. Ko'ina mutane sun cika gonaki. Da muka zo gonar Yaya Iliya, wadda Baffa ya ba shi, na gan ta jiƙe sharkaf, ba kowa a ciki, ko sara ɗaya ba a yi ba. Na ce a raina ko ba shi da lafiya ne.

A gonar Malam na same shi. Yana gaba yana sara da sungumin Baba, mai ƙotar nan da ta yi baƙi saboda tsufa, matarsa da 'ya'yansa da surukansa suna biye, ga tsofaffin mata uku suna jan waƙa da muryar da ta gaji. Har sun ci fiye da rabi. Na tsaya a bakin gona da jakata a hannu kamar baƙuwa.

Na ce, "Yaya, taka gonar fa?"

Ya ce, "Laimar za ta kai gobe in Allah ya yarda. In ba ta kai ba, ai mun taɓa gani, ba mu mutu ba."

Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga min hannu. Ya ce, "Kada ki fara min wa'azi. Har yanzu ban ce Baba ya kyauta min ba. Da Baffa yana nan akwai mai yi. Yanzu in ban yi ba, wa zai yi? Kin zo kallo ne ko kin zo shuka? Ga ƙoƙo can, kuma ki zuba kaɗan kaɗan, na san halinki."

Na cire takalmi na shiga layi. Ina zuba iri ina rufewa da diddige, hawaye yana zuba, ban damu da wanda ya gani ba. Daɗi ne ya sa ni kuka, irin daɗin da na daɗe ban ji ba.

Yanzu da nake wannan rubutu geron Malam Ayuba ya kai gwiwa, kuma Malam ya daina maganar tafiya. Na Yaya Iliya da muka shuka washegari ya ɗan yi gibi a gefen tudu, ya yi dashe ya cike, yana ta mita kamar yadda ya saba. Baba bai bar mana dukiya ba. Jakin ya mutu tun tuni, ɗakinsa ya rushe damina biyu bayan shi, hotonsa ɗaya tak muke da shi, shi ma ya rufe ido a ciki. Abin da ya bari shi ne ƙauyen da ƙararrawar sujada ba ta taɓa yin shiru ba tun zamanin Malam Yohanna, da ƙani Musulmi da ya riƙe masa amana har kabari, da wata doka mai wuya wadda ba wanda aka tilasta wa bi yanzu, amma ga shi ana bi. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na Baba ya daɗe a hanya, amma ya iso. Allah ya ba shi hutawa, ya saka wa Baffa da alheri.

Ranar da muka gama shukar, rana ta take, muka kama hanyar gida a jere. Yaya Iliya yana gaba, ni ina bayansa ina ɗingishi. Idona yana kan sungumin Baba a kafaɗarsa, kafaɗar nan da ya ce an aza wa kaya ba a tambaye ta ba. Wannan karon ba wanda ya aza masa, shi ya sunkuya ya ɗauka da hannunsa.